Rigar Baba Hambali

A bakin kanal ɗin ban-ruwa na Kadawa wani dattijo yana tsaye, siriri, wando naɗe har gwiwa, laka ta bushe a ƙwaurinsa. Idonsa na kan filin da ya yafa wa irin shinkafa, kuma daga yadda yake cije leɓe, wataƙila irin da ya rage masa ke nan.

Sanyi ya shigo, tsuntsayen ruwa sun sauka iri-iri: kirinjijiya, dinya, da wasu masu dogayen ƙafafu da aka ce daga Turai suke zuwa. Duk nisan tafiyar nan ba su ga wurin kalaci ba sai gonarsa. Ya kafa musu mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, sun kuwa gode, har balbela ta samu wurin hutawa a kafaɗarsa.

"Baba Hambali, ba a korar baƙo fa!" in ji wani mai babur.

"Ɗan nan, baƙon da ya ci iri, me zai tarar baɗi?"

Ya kutsa cikin ruwan gonar, ya tuɓe wa mutum-mutumin riga ya saka, ya tumɓuke sandar ya yar. Ga shi can tsaye a gurbinta, hannuwa a buɗe. Yau kam rigar da mai ita a ciki.