Sa'a Arba'in da Ɗaya a Tasha Ɗaya

Ranar Laraba sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, muka ɓalle ƙofar ɗakinka muka tarar da kai a kan kujerarka, rai ya yi halinsa. Likita ya duba ya ce ba ranar ba ce, tun la'asar ɗin Litinin ka cika. Saboda haka Litinin sha biyu ga wata ce ranar rasuwarka, ko da yake mu sai bayan kwana biyu muka sani. Na Allah muke dukanmu, kuma wurinSa muka dosa. Baba Mai Batir, ka tafi kana da shekara saba'in da ɗaya, ka bar 'ya'ya biyu da jikoki biyar. Ni kuma ka bar ni da wata magana da na kasa furtawa a zaman makoki, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san sana'armu ba, mu ne masu ƙidayar masu kallo. Kamfaninmu yakan zaɓi wasu gidaje, ya haɗa wa talabijin ɗinsu wani ɗan akwati mai rimot nasa. Kowa a gidan yana da maɓallinsa: maigida na ɗaya, matarsa na biyu, yara su biyo baya, sannan akwai na baƙo a can ƙasa. In mutum ya zauna kallo ya danna nasa, in zai tashi ya sake dannawa. Kowace safiya akwatin ya aiko da rahoto, mu kuma mu harhaɗa mu gaya wa gidajen talabijin da masu talla mutum nawa suka kalli me. Kai ne ka shekara talatin da ɗaya kana shiga waɗannan gidaje, kana haɗa waya, kana koya wa tsofaffi wane maɓalli ne nasu. Aljihunka bai taɓa rabuwa da batir ba. Ko a ɗaurin aure aka ce rimot ya mutu, sai ka zura hannu, shi ya sa sunanka na yanka ya ɓace a ofis.

Lokacin da aka ɗauke ni aiki ina ji da takardar shaidata ta lissafi, ka dube ni sama da ƙasa ka raɗa mini Ɗan Jadawali, kuma har na fara furfura ba ka sauya ba. A watana na farko na gano wani gida da rahotonsa ke nuna dattijo ɗan shekara tamanin yana kallon shirin zane mai motsi na yara kullum bayan azahar. Na rubuta cewa jikoki ne ke danna maɓallin kakansu, a share. Ba ka yi mini musu ba, ka dai ce in ɗauko takalmina. Muka je, muka tarar babu yaro ko ɗaya a gidan. Tsohon ne da kansa, ya miƙe ƙafa yana ƙyalƙyala dariya, da ya gan mu kuma kunya ta kama shi ya ce wai yana neman labarai ne hannunsa ya goce. Ka zauna kusa da shi kuka ƙarasa kallon tare, ka danna maɓallin baƙo tukuna, don kai ko a wasa ba ka yi wa akwati ƙarya.

A hanyar dawowa ne ka koya mini abin da ya fi komai a aikinka. Ka ce, "Ɗan Jadawali, akwatin da ya yi shiru ba ya ba ni tsoro. Ko an ɗauke wuta, ko sun yi tafiya. Wanda nake tsoro shi ne wanda bai motsa ba. Mai rai yana sauya tasha, yana tashi alwala, yana zuwa buɗe ƙofa. In ka ga layi ya miƙe sambal, kar ka rubuta komai, ka je ka ƙwanƙwasa."

Dokar ofis ta ce irin wannan rahoton a ɗauke shi a matsayin na'ura ta lalace, a cire shi daga lissafi, a tura mai gyara cikin mako. Kai ba ka jiran mako. Sau da yawa ka sha rana a banza, ka tarar an manta talabijin a kunne ne kawai, matar gida ta yi maka kallon marar aikin yi. Amma sau ɗaya ka tarar da wata tsohuwar malamar makaranta ta faɗi tsakanin kujera da tebur, ƙugunta ya karye, ta wuni ta kwana tana kira ba mai ji. Ta ƙara shekara tara a duniya bayan nan. Ba ka taɓa ba da labarin a ofis ba, daga bakin ɗanta muka ji, ranar da ya zo neman ka don ya yi godiya.

Sai zamani ya juya. Kallo ya koma waya, waƙa ta koma manhaja, aka ce mu riƙa auna talabijin da waƙoƙi da shafukan intanet a rahoto ɗaya. Lambobi suka riƙa zubo mana miliyan-miliyan ba tare da an taka ƙofar kowa ba. Ni aka ɗora a kan sabon sashen, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura. Kai kuma teburinka ya riƙa matsawa har ya kai kusa da injin kwafin takardu. Wata rana na nuna maka wata waƙa da aka kunna sau miliyan uku cikin mako guda, ka gyara tabarau ka ce, "To, a cikinsu nawa ne suka ji ta, nawa ne kuma suka bar waya a kan firji suka shiga wanka?" Muka yi dariya kawai. Ranar da ka yi ritaya an yi jawabai, an ba ka agogon bango, ka raba wa kowa batir bibbiyu ka tafi.

Shekara guda bayan nan Allah Ya karɓi ran Inna, matarka. 'Yarka tana aure a wata ƙasa mai nisa, ɗanka direban manyan motoci ne, yakan yi wata bai sauka ba. Sun yi juyin duniya ka koma wurin ɗayansu ka ƙi, ka ce ba ka barin ɗakin da ka saba. Ɗakin kuwa a hawa na uku yake, gwiwa ta hana ka yawan sauka, maƙwabta kuma ma'aikata ne, su fita da sassafe su dawo a gajiye.

A nan ne ka kira ni. Ka ce in dubo maka tsohon akwati ɗaya daga waɗanda aka jibge a sito, in haɗa maka. Na ce ai doka ta hana ma'aikaci ko tsohon ma'aikaci shiga lissafi. Ka ce, "Wa ya ce ka lissafa ni? Ka sa shi a gefe, kai kaɗai ka riƙa gani. In ka zo da safe ka ɗan leƙa. Ba na so in dami yaran nan da waya kullum." Ka faɗe shi kamar wasa, amma ba ka kalle ni ba da kake faɗa. Na nemi izini aka ba ni, na haɗa, na ce maka, "Baba, muddin ina numfashi, kowace safiya sai na duba." Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Shekara ta farko na cika alkawari. Kafin in sha shayi sai na buɗe layinka. Na san kana kunnawa bayan la'asar, ka kalli labarai, ka tsallake zuwa shirin dabbobi, ka kashe kafin magariba. In na ga ka daɗe a wasan kwaikwayon soyayya sai in buga maka waya in tsokane ka, ka ce hannunka ne ya goce. Daga baya aiki ya yi mini yawa. Sai na yi abin da kowane ɗan jadawali zai yi: na rubuta wa kwamfuta ɗan umarni, in akwatinka ya nuna an yi kallo jiya, ta kunna mini kore a kusurwar allo, in bai nuna ba ta kunna ja. Na ji daɗin dabarata, har na nuna wa abokan aiki. Daga nan na daina buɗe layin, sai dai in saci kallon kusurwa in wuce.

Makon da ka rasu muna fama da babban rahoton shekara. Safiyar Talata na kalli kusurwa, kore. Safiyar Laraba, kore. Da muka miƙa rahoton na sami sarari, na ce bari in ga me Baba ke kallo kwanan nan in samu abin tsokana. Na buɗe. Mutum ɗaya, tasha ɗaya, tun ƙarfe biyar saura na yammacin Litinin, layi ya miƙe sambal, sa'a arba'in da ɗaya. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, abin da na tambaye ta shi ta amsa. Ni ne na koya mata ta ji tsoron shiru, alhali kai ba haka ka koya mini ba.

Na bar ofis a guje, ban san yadda na hau matakalar gidanka ba. Tun daga hawa na biyu nake jin muryar mai karanta labarai. Da muka shiga ni da mai gadin ginin, tabarau na kan hancinka, kofin shayi ya bushe a gefe, rimot na kan cinyarka. Fitilar maɓalli na ɗaya tana nan a kunne. Ni na danne ta da yatsana, kuma ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba.

Likita ya ce zuciya ce, farat ɗaya, ko da ina tsaye a kanka ba abin da zan iya. Na ji, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Amma ba ka roƙe ni in hana ka mutuwa ba. Abin da ka roƙa ƙarami ne, kada ka daɗe a ɗaki ba wanda ya sani, kuma shi ne na kasa.

A rana ta uku 'yarka ta sa aka kira ni. Ta ce, "Yaya, Allah Ya saka maka da alheri. Duk Juma'a in na kira Baba sai ya ce kar mu damu, akwai mai duba shi kowace safiya." Na sunkuyar da kai na ce amin, na fito ina jin kamar na saci wani abu a gidan. Ƙanwata, ga gaskiyar da na kasa gaya miki ranar. Na duba shi shekara guda, daga nan na bar wa na'ura. Ki yafe mini, ke da ɗan'uwanki.

Kafin in rufe fayil ɗinka na karanta shi tun daga farko. Cikin shekara biyu da wata huɗu, sau goma sha ɗaya aka danna maɓallin baƙo. Bakwai na ɗanka ne, na gane su don sun dace da saukowarsa. Biyu na zuwan 'yarka. Nawa biyu ne kacal, ɗaya ma ranar da na haɗa akwatin ce. Daga ofishinmu zuwa ƙofarka tafiyar minti ashirin ce. Yanzu da safe nakan kalli kusurwar allon bisa sabo, ba kore ba ja, kuma ba wanda ya rage a ofishin nan da zai kira ni Ɗan Jadawali.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci Ka haskaka shi. Yadda ya riƙa hawa matakalar mutane don kada wani ya kwana a ƙasa shi kaɗai, Ka ɗebe masa kewar kabari, Ka sada shi da Inna a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa da ɗansa da jikokinsa, da tsofaffin gidajen da har yau suke tambayar ina mai batir. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Baba, ka ce in je in ƙwanƙwasa. Na je, amma na makara da kwana biyu. Ka yafe mini.