Shekarar da Baba Tsoho Ya Bar Inabinsa

Jiya a kasuwar Terminus wata mai talla ta buɗe ledar zabibi a gabana, ƙamshin ya tsayar da ni a tsakiyar hanya har wani mai keke ya danna mini hon. Ƙamshin ɗakin bayan gidanmu ne a hanyar Vom, inda kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, yake shanya inabi.

Itacen inabi huɗu gare shi, ya ɗora su a kan rumfa. Ba ya matse 'ya'yan ɗanye. Sai ya baza su a kan zana, kullum ya juya da hannu, ya tsince wanda ya fara ruɓa, har su yamutse kamar fatar hannunsa. Sannan ya matse, ya zuba a tuluna, ya toshe har ya zama giya. Ruwan ja ne wur har ya yi duhu, ba zaƙi, yana kama harshe. Rabi na majami'armu ne don Jibin Ubangiji, rabi na manyan gida ranar Kirsimeti. Ba wanda yake bari ya taɓa zanar nan, har babana.

Ina shekara tara Kaka, matarsa, ta kwanta ciwo aka ba ta gado a asibiti cikin gari. Lokacin inabin bai fi mako biyu da shanyawa ba. Mamana ta tuna masa, ya ce, "A bar shi ya ruɓe." Ya ɗauki bargonsa ya bi matarsa.

Kwana uku bayan haka sai ga abokinsa a kan tsohon babur. Tela ne daga Nasarawa Gwom, Musulmi, tare suka yi haƙar kuza suna samari. Ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya shiga ɗakin ya durƙusa.

Mamana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka san abin da za a yi da wannan kuwa?"

Ya ce, "Na sani, 'yata. Ni zabibi nake juyawa. Abin da zai zama daga baya, wannan tsakanin abokina ne da Mahaliccinsa."

Mako biyar yana zuwa. Shi ya koya mini gane ƙwayar da ta lalace da ɗan yatsa. In azahar ta yi in kawo masa ruwa a buta, ya yi sallarsa a gindin mangwaro, ya koma shago.

Ranar da aka sallamo Kaka, Baba Tsoho ya shiga ɗakin ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, buhu ne a hannunsa. Ya raba zabibin biyu, ya ɗaure rabi a bayan babur ɗin abokinsa. Shekarar nan rabon majami'a kaɗai aka matse, manya suka sha zoɓo ranar Kirsimeti, Kaka tana zaune a tsakiyarsu.

Dukansu sun rasu. Garin ma ya canza, yanzu kafin 'ya'yana su shiga wata unguwa sai sun tambaya ta su wane ce, Kirista ko Musulmi. Har yau jikar telan ce take yi mini ɗinki, sai dai a bakin titi muke haɗuwa. Ta miƙo mini kaya, mu tsaya mu yi ta hira har ƙafa ta gaji, ba wadda take ce wa 'yar'uwarta mu ƙarasa gida.