Gawayin Ɓawon Kankana

A shekarun da noman rani ya kankama a bakin dam ɗin Goronyo, kankana ta yi arha, icce ya yi tsada. Inna kuwa kifi take soyawa da kara da kashin shanu, hayaƙi yana cin idonta. Likita a Wurno ya faɗa mana ƙarara: in ba ta rabu da hayaƙi ba, za ta rasa gani. Ta ce to, ta koma bakin murhu. Ni kuma zama ya gagare ni.

Na taɓa jin ana yin gawayi da ɓawo, sai na ɗora wa kaina. Ranar kasuwar Rimawa in ciko buhu da ɓawon kankana da na lemu, masu tsokana suna tambaya ko awaki na saya. In shanya, in ɗura a gwangwani, in huda murfin, in cusa cikin wuta. Ya yi ta hayaƙi mai ɗaci, in buɗe in tarar waje baƙi, ciki ɗanye. Na sha yin ƙwallo da gwangwanin nan don haushi.

Da ƙudaje suka addabi gida, Inna ta sheƙa wa shanyar ruwan kanwa, kamar yadda take wa komai, daga wake har ciwon ciki.

"Inna, mi kinka zuba mai?" na tambaya, raina a ɓace.

"Kanwa ta. In ba ka so, kwashe tsiyakka."

Na ƙona ɓawon haka nan. Abin mamaki, tun wuta ba ta yi ƙarfi ba ya baƙanta har ciki. Na shiga gwaji ba ji ba gani. Kanwa ta yi yawa, ya cinye ya bar toka. Ta yi kaɗan, hayaƙi ya dawo. Ina cikin wannan damina ta shigo, shanya ta ruɓe, na jira wani ranin ina cizon yatsa.

Ranar da gawayin ya yi daidai, na daka shi, na cura da koko, na hura mata a murhu. Garwashi ya yi jajur, babu hayaƙi ko ɗis. Na tsaya ina jiran yabo.

Inna ta sunkuya, ta daɗe tana kallon murhun. Sannan ta miƙa tafin hannu a kansa, tana lalube.

"Ya kama kuwa?" ta ce.