Kakar da ke Cikin Mashin

Tahiru yana kwafar takardun 'yan jarrabawa a shagonsa na fotokopi, kusa da kasuwar Dole, sai waya ta yi ƙara. Raliya ce, matar amininsa Alkasum, daga Mirriya. Ta ce Allah ya yi wa Alkasum rasuwa da hantsi. Tahiru ya yi salati, ya zauna a kan kwalin takarda. Mashin kuwa bai tsaya ba, ya ci gaba da fito da takardu masu ɗumi.

Tare suka yi karatun boko a lakwal, tare suka bari. Alkasum ya fara da gyaran rediyo, daga baya ya koma mashinan fotokopi. Kullum da safe yakan shigo Damagaram a motar haya, da jakar turnabis da sauran kayan gyara a kafaɗa. Mutum ne marar gaggawa, hannunsa a hankali kamar na mai ɗinkin hula.

A bayan kowane mashin akwai akwatin da ke karɓar kuran, wato wutar lantarki, daga bango. Alkasum bai taɓa kiransa da sunan Faransanci ba, Kaka yake ce masa. Wai aikinsa rabon tuwo: 'yar wuta kaɗan ga maɓallai, wadda ta fi ta ga injinan jan takarda, mai ƙarfi sosai ga gangar da garin tawada ke manne wa, sannan mai zafi ga wurin da ke gasa rubutu a jikin takarda. Kowa daidai cikinsa. In Kaka ta yi kuskure, gida ya kwana da yunwa ko wani ya ƙone.

Kuma Kaka, in ji shi, ba ta rabar da komai. Ko an zare fulogi, tana da sauran wuta ƙulle a bakin zane, wadda za ta iya kayar da ƙato. Shi ya sa yakan zauna ya sha shayi kafin ya taɓa ta, sannan ya sa hannu ɗaya a aljihu, don kada wuta ta ratsa ta ƙirjinsa. Tahiru yakan tsokane shi cewa shayin banza yake nema.

A makon da ya wuce kuran ya dawo da ƙarfi, mashin ya mutu, ga lokacin dosiye, wato haɗa takardun shiga jarrabawa, wanda shi ne daminar mai fotokopi. In ya wuce, gidan Tahiru ya shiga uku. Alkasum kuwa yana kwance ba lafiya. Tahiru ya kwance bayan mashin da kansa, har ya miƙa hannu, sai ya fasa, ya buga wa Alkasum waya.

Da ƙyar muryar ke fita, amma Alkasum ya hana shi taɓawa, ya sa shi jira. Suka yi ta hirar ƙuruciya. Sannan ya kwatanta masa inda fizibul yake, 'yar kwalbar da ke ƙonewa don sauran su tsira. Tahiru ya canza, mashin ya tashi. Da murna ya ce ranar Juma'a zai zo da shayi da sukari.

Alkasum ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya.

"Mutumina, hannunka ɗaya yana aljihu kuwa?"

"Yana ciki, ɗan Mirriya."

"To madalla. Ka gaishe min da Kaka."