Bangon Malam Umara

Shekara talatin da biyar Malam Umara ya yi yana koyarwa, goma sha tara daga ciki a aji biyu na wata firamare da ke bakin garin Azare, ta hanyar Katagum. Mahaifinsa daga wajen Gaidam ya zo da fataucin kanwa, ya ga wurin zama ya zauna. Umara ya tashi da Barbarci a gida, Hausa a waje, shi ya sa har yau "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne a bakinsa. Gidansa taku ɗari uku ne daga makarantar, na auna da ƙafata.

A watan Mayu na san shi, saura mako tara ya yi ritaya. An ɗauke mu mu shida aikin gwada karatun yara: yaro ɗaya, takarda mai kalma arba'in, minti ɗaya a agogon waya. Da ya ji sunana Jabiru kuma Bafulatani ne ni, sai ya ce yau bawansa ya zo gaishe shi. Na ce ai Babarbare bai taɓa mallakar ko akuya ba, balle mutum. Muka yi dariya, ya ja ni cikin aji.

Yara ɗari da uku ne a rajista, tamanin da takwas suka zo ranar. Benci goma sha ɗaya, littafin karatu bakwai, allo kuwa ya daɗe da farfashewa. Abin alfaharin ajin shi ne bango. Shekara goma sha biyu da suka wuce, da alli ya yi wuya, Malam ya roƙi ragowar fenti wurin wani mai fentin shaguna, ya rubuta baƙaƙe da wasula, da ba be bi bo bu, da kalmomi arba'in a layi takwas. Kullum da safe yana nunawa da sanda, yara suna rerawa. Masu wucewa kan tsaya su saurara. Iyaye har kamun ƙafa suke yi a sa 'ya'yansu a ajinsa.

"Ɗan Fillo, zauna ka ji karatu, ba kiwon shanu ba," in ji shi.

Suka kwashe kalma arba'in cikin daƙiƙa hamsin, babu tuntuɓe. A raina na riga na ba makarantar ta ɗaya.

Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya don gwaji. Wadda ya fara turo min jikarsa ce, Hidaya, 'yar shekara bakwai, ita ke ja wa ajin baƙi. Kalmar farko a takardata "tulu" ce. Ta dube ta, ta waiga wajen aji, sai ta ɗora yatsa ta ce baba, mama, kaza, gida, ta zarce har ƙarshe. Jerin bango ta kawo min, ko ɗaya bai faɗa kan abin da ke gabanta ba. Na ce ta nuna min kaza a takardar. Ta bi layi biyu da ido, ta ɗago.

"Malam, wannan ba tamu ba ce. Kazarmu tana kusa da taga."

Malam Umara yana tsaye a bayana, ya ji.

Kwana biyu na yi. Cikin tamanin da takwas, huɗu ne suka karanta fiye da kalma biyar, uku daga cikinsu bana aka kawo su daga wasu makarantu. Malam bai yi musu ba, bai ce takardata ce ta yi wuya ba. Ya ce kafin ya tafi yana so ya ga yaran nan suna karatu, ba hadda ba.

Ni kam nan take na zana tsari. Muka samo kwalayen taliya goma, muka yanka kati arba'in, kowanne da kalma ɗaya, a riƙa cakuɗa su kullum. Muka rufe bango da buhuna tara. Na ce masa mako tara ya ishe mu, don a takarda ya isa.

Ranar farko ajin ya yi tsit, yara biyu suka yi kuka. A mako na biyu iyaye uku suka zo tambayar dalilin da ba a jin karatu daga hanya, ɗaya ma ya ce wa hedimasta ko tsufa ne ya kama Malam. Sai ruwa ya sauka, aka fita shuka. Tamanin da takwas suka koma hamsin da ɗaya, da aka shiga noman fari suka koma talatin da bakwai. Rufin ya yi yoyo, kati goma sha huɗu suka jiƙe suka lalace. Wanda ya gane "tulu" ran Litinin, in ya dawo ran Alhamis ta wani makon sai a sake daga farko.

Wata rana bayan tashi Malam ya ce in lissafa masa waɗanda suka riga suka wuce ta gaban bangon. Shekara goma sha biyu, kusan casa'in kowace shekara. Na buga a waya, na ga sun haura dubu. Ya ce in mai da wayar aljihu, shi ya riga ya yi lissafin tun ranar Hidaya.

A gwajin ƙarshen Yuli yara arba'in suka zo, tara suka wuce kalma biyar. Hidaya ta karanta shida, da ƙyar, tana satar kallon buhunan.

Ranar sallamarsa ya zo da bokitin farar ƙasa zai shafe bangon. Hedimasta ya tare shi a ƙofa cikin ladabi.

"Baba Malam, littafi bakwai ne, allo babu. In ka shafe, wadda za ta karɓi ajin da me za ta koyar?"

Malam ya dube ni. Na kau da kai. Ya ɗauki bokitinsa ya koma gida.

Da aka koma hutu a Satumba na je gaishe shi. A makaranta an riga an cire buhunan. Yana zaune a zaure, rediyo a gefensa, da ragowar kati ashirin da shida, yana jiran Hidaya da yaran maƙwabta huɗu su taso. Ƙarfe takwas da kwata muryar aji biyu ta iso mu sarai: baba, mama, kaza, gida. Na fara tsokanarsa da zancen Barebari, bai rama ba. Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.