Ranar da Malam Zakari Ya Ƙi Sayar wa Jaɓɓo Magani

Da hantsi Malam Zakari yake buɗe kemis ɗinsa na bakin tashar Illela. Ya share, ya kaɗe kwalaye, ya maƙala tabarau, ya zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, don idonsa ya daina ganin ƙananan rubutun jikin kwali, shi kuwa ya ce ba zai miƙa wa mutum abin da bai karanta ba. Na jira in ji wani ya ce masa ko sannu, shiru. A garin da ake tara maroƙa don mutum ya sayi sabuwar mota! To, ni zan faɗa.

Laifinsa a wurin jama'a shi ne tambaya. Ka zo hanci na zuba, sai ya tsare ka: ka ci abinci? Me ka riga ka sha? Direbobi suka laƙaba masa Alƙali, suka koma wajen masu tallan ƙwaya a faranti, masu ƙulla maka ja da fari a leda ba su san sunan ko ɗaya ba. Ni ma na sha saye a wurinsu, kuma ina jin kunyar hakan.

Mu mutanen iyaka muna da wata wauta tamu. In mura ta kama mu, sai mu sayi magani a nan, mu aika a sayo na Ƙwanni a tsallaken Nijar, wai mai rubutun Faransanci ya fi ƙarfi, mu haɗa mu kora da baƙin shayi. Kwali daban, amma sau da yawa maganin ciwon jikin da ke ciki iri ɗaya ne, kuma in ya yi yawa ciki yake ci.

Wata ranar kasuwa ina zaune a bencinsa, Jaɓɓo, wani dattijon makiyayi daga Garu, ya shigo dafe da ciki.

"Malam, ba ni na mura mai ƙarhi, ka haɗa min da na ciki."

"Baffa, mi kas sha kahin ka zo?"

Jaɓɓo ya zazzage aljihu: ƙullin faranti, katin nan gida, katin Ƙwanni. Kwana goma sha biyu yana haɗa su tun da safe, abinci sai ya dawo kiwo. Malam Zakari ya karanta, ya rage murya, ya yi tambayar da ba a yi wa dattijo, wato launin bayan gidansa. Jaɓɓo ya sunkuyar da kai ya ce baƙi ne wuluk.

"Ba ni sayar maka, Baffa. Jini na cikinka ka zubarwa. Tashi mu tahi asibiti."

"Na baro bijimi kara, hannun dillalai! Kai ba ni, ko in tahi gaba."

"Ka tahi gaba, a ba ka. Bijimin sai magada su saida."

Jaɓɓo ya zage shi da Hausa, ya ƙara da Fulatanci. Malam Zakari ya datse shago ana tsakiyar ciniki, ya ɗora shi a babur. A asibiti aka gano gyambon ciki ne ya fashe. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu.

Kai ne, Malam, mai cewa a'a a inda kowa ke cewa kawo. Kai ne ka sha zagi don cikin wani. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya sanyaya idon nan.

Ku kuma masu kemis da kuka rage, ku tambaya kafin ku miƙa, ko za a zage ku. Jiya na ga Jaɓɓo a kara yana masifa da dillalai da ƙarfinsa. Da an ba shi abin da ya roƙa, da tuni an yi sadakar arba'in ɗinsa.