Injiniyan da Ba Shi da Hatimi

Duk unguwar Injiniya ake ce masa. Matarsa ma haka take kiransa, sai in faɗa ya tashi ta ce "baban yaran nan". Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin ayyuka, a ɗakin ƙasa mai taga ɗaya, inda fanka ke juyawa kamar an yi mata dole. Kwalbati da magudanar ruwa ne aikinsa. Zai tsaya bakin kwata bayan an ɗauke ruwa, ya dubi inda shara ta taru, ya gaya maka faɗin bututun da ya kamata a sa. Wallahi in aka auna, haka za a tarar.

Sai dai a littafin hukumar rajista shi ba injiniya ba ne. Matakai uku ne a can: na sama injiniyoyi masu hatimi, na tsakiya masu zane da awo, na ƙasa masu aikin hannu. Shi a tsakiya yake, don bai kai jami'a ba. Mahaifinsa ya rasu, ƙanne shida suka dawo wuyansa. Duk zanen da ya yi sai ya hau bene da shi, wani ya buga hatimi ya sa hannu. Wani ko buɗe takardar ba ya yi. Yakan sauko yana huci, amma da an ce masa "Injiniya, sannu da aiki," sai ransa ya yi fari. Bai taɓa cewa shi injiniya ne ba. Bai kuma taɓa musantawa ba, kuma a nan ya cuci kansa.

Wata shekara hukumar ta fitar da sanarwa. Duk ɗan matakin tsakiya da ya shekara ashirin yana aiki zai iya zuwa gaban kwamiti da zane-zanensa, a yi masa tambayoyi, in ya ci a ba shi hatimi. Shekara biyu aka bayar, daga nan a rufe ƙofar har abada, sai mai digiri.

Dogo, abokin zamansa a ofis, shi ya ajiye masa fom a kan tebur.

"Cika, mutumina. Kai da ka koya wa rabin mutanen benen can aiki, me za su tambaye ka?"

Ba tambayoyin yake tsoro ba. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya masa a rai: za a buga sunayen masu nema a jarida, a liƙa a allon bakin ofis, kowa da matakinsa na yanzu. Ya tuna surukinsa da ke gabatar da shi a taro da "surukina Injiniya". Ya tuna 'ya'yansa da ke cika baki a makaranta. Da furfurarsa, a ga sunansa cikin masu neman zama abin da kowa ke kiransa? Ina! Ya tura fom ɗin cikin aljihun tebur ya ce sai bayan damina.

Damina biyu suka wuce. Dogo, wanda ko layi bai iya ja miƙe ba sai da taimakonsa, ya je, ya ci, ya koma bene. Shi kuwa ya ci gaba da hawa da zane, yanzu har wurin Dogon. Kaico, abin da ciwo.

Bayan ya yi ritaya, ruwa ya cinye gadar layinsu. Dattawan unguwa suka zo zaurensa, shugabansu ya ce a taimaka a zana musu sabuwa. Kwana huɗu ya yi a kan zanen, ya yi shi tsaf. Amma ya san ofis ba za su karɓa ba in babu hatimi, ya san kuma ranar da yake gudu ta zo. Da suka dawo, ya miƙa takardar, ya sunkuyar da kai.

"Akwai abin da ya kamata ku sani. Ni ba ni da ikon sa hannu a wannan."

"Haba Injiniya, ai mun sani," in ji shugaban, yana naɗe zanen. "Tun jiya muka yi magana da Dogo, zai buga mana. Mu dai aikinka muke so."

Suka yi godiya suka tafi. Ya tashi ya shiga ciki. Matarsa na tsakar gida tana shanya.

"Ke ma kin sani?"

"Na san me?"

Ya gaya mata. Ta yi dariya, ta matse rigar da ke hannunta.

"Ni da nake wanke maka kaya, katin aikinka na aljihu? Tun ina amarya na karanta. Babana ma ya sani, shi ya ce kada a sake a kira ka da wani suna."

"To da aka yi sanarwar nan, me ya hana ki yi mini magana?"

Ta daina dariyar, ta dube shi.

"Na ga ka yi shiru, na ɗauka ba ka so ne. Kunyarka na ji."